Tulu, Jita da Littafin Waƙoƙi: Musayar Baitoci a kan Kiɗan Sujada

Dattijon Kwaya, daga Zariya

Ni dattijo ne a kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan majami'a. Ranar Lahadin da ta wuce na fito daga sujada kunnena yana ƙara, kuma ban iya maimaita ko layi ɗaya daga abin da aka rera ba. Shi ya sa na tsara waɗannan baitoci, wanda yake da amsa ya kawo ta da waƙa.

Da sunan Uba da Ɗa da Ruhu nake buɗe baki,
Kukan tsoho na kawo muku, ba gaba ba ce, 'yan'uwa.

A Wusasa aka raine ni, a gindin majami'ar ginin ƙasa,
Wadda tun 1929 take tsaye babu rushewa.

A can idan aka kira lamba a littafin waƙoƙi,
Da mai karatu da marar karatu duk tare suke rerawa.

Murya huɗu muke jerawa, ba ganga, ba lasifika,
Mata su ɗauki sama, maza ƙasa, bango yana amsawa.

Kowane baiti wa'azi ne a kan zunubi da gicciye da tashi,
Wanda zancen fasto ya wuce shi, a waƙa yake ganewa.

Yau kuwa layi ɗaya ake juyawa har sau ashirin,
Da Turanci, tsohuwar da ke baya ba ta da rabo sai tafawa.

Matasa shida sun riƙe makirufo sun riƙe sujada,
Mu da muka cika benci mun zama 'yan kallo, sai dai tsayuwa.

Ina tambayarku, 'ya'yana, ran da za a kai ni makwanci,
Wace ce cikin waƙoƙinku za ku rera a bakin kushewa?

Mai Jita, daga Jos

Baba, na durƙusa, na karanta kukanka da ladabi,
Ba zan ɗaga murya ba a gaban furfurarka.

Amma waƙoƙin da kake kira na gado, ka duba asalinsu,
A jirgin ruwa suka iso daga Ingila da Amurka.

'Yan mishan suka juya su zuwa Hausa, Allah ya saka musu,
Suka bar karin Turawa a kai, suka miƙa wa mahaifinka.

Hausa kuwa harshe ne mai hawa da sauka da jan wasali,
Sau nawa karin baƙo ya murɗe kalma a bakinka?

Inda magana take sauka, nan waƙar take ɗaga ta sama,
Sabo ne kawai ya hana ta yin nauyi a kunnenka.

Ita ma baƙuwa ce jiya, ta kwana ta zama 'yar gida,
To me zai hana jitata samun tabarma a zaurenka?

Zabura ta 96 da ta 98 da kiran sabuwar waƙa suka buɗe,
Na kuma san ka fi ni sanin wurin a Littafinka.

Tsarana suna zamewa zuwa majami'un da ke da kiɗa,
In muka ajiye jita, wa zai zauna a bencin bayanka?

Uwar Zumunta (ƙungiyar matan majami'a), daga Garkida

Ku biyun nan ku ɗan matsa, uwa za ta sa baki,
Kuna ta rabon sujada kun manta da kasonmu.

A garinmu, a 1923, gindin tsamiya aka fara taro,
Babu bango, babu benci, sai inuwa da kakanninmu.

A wurare da yawa an hana ganga shiga ɗakin Allah,
An ce ta tsafi ce, garaya ta bori, a bar su a ƙauyukanmu.

Sai mata suka ɗauko tulun da suke zuwa rafi da shi,
Suka bugi bakinsa, ya yi nishi irin na ƙirjinmu.

Muka haɗa da caki da kuge, ɗaya ta bayar mu amsa,
Kamar yadda muke yi a bakin turmi da dutsen niƙanmu.

Dattawan wancan lokaci sun murtuke fuska irin taka, Baba,
Suka ce mun kwaso dandali mun shigo da shi da rawarmu.

Yau shi ne ake kira kiɗan gargajiya na ikkilisiya,
Ba a aure, ba a godiyar girbi, sai an aika an nemo mu.

Kai kuma ɗana, ba jitarka ce ta dame ni ba,
Maryamu 'yar'uwar Haruna ma da bandiri ta ja mata, ita ce jagorarmu.

Abin da ya dame ni shi ne ku murɗa lasifika har ƙarshe,
Ba ma jin ta kusa da mu, balle mu ji kanmu.

Ran nan janareta ya mutu ana tsakiyar waƙar tara baiko a sujada,
Tsaranka suka yi cirko-cirko, wa ya ƙarasa aikin? Tulunmu.

Malamin Makarantar Lahadi

Wannan gardama ta tuna mini da Ezra sura 3,
Da aka komo daga Babila aka sa harsashin Haikali a Sihiyona.

Tsofaffin da suka ga Haikalin farko suka fashe da kuka,
Sauran jama'a na sowa, har aka kasa raba kuka da murna.

Bulus ya ce wa Korintiyawa zai yi waƙa da ruhu da hankali,
Don haka tawa tambayar ga Mai Jita ta ma'ana ce, ɗana.

Yaran ajina sun haddace waƙoƙinku na Turanci tsaf,
Na ce su fassara mini layi guda, suka rasa magana.

Mai Jita, daga Jos

Mama, na karɓi faɗan lasifika, zan rage ta da hannuna,
Malam, batun fassara ma ba ni da amsa a gabanku.

Sai dai ku sani mun kai wa dattawa waƙar Hausa da muka tsara,
Aka ce a jira zaman kwamiti, shekara ta zagayo muna jiranku.

Tambayar Baba ta kushewa kuwa ta hana ni barci,
Don ran jana'izar mahaifina, waƙar da ta riƙe ni tana cikin littafinku.

Dattijon Kwaya, daga Zariya

Ɗana, Ubangiji ya ta'azantar da kai, ban san da rashin ba,
Batun Ingila kuwa ka kayar da ni, ba ni da wurin tsayawa.

Amma layi ɗaya sau ashirin, ina nan a kan bakana,
Ko da tulun Mama aka raka shi, ni dai ba na amincewa.

Ina da tsohon littafina wanda bangonsa ya rabu,
Ranar Asabar zan ba direban motar Jos, ka je tasha karɓowa.

Ka zaɓi ɗaya mai baiti biyar, ka sa mata karin Hausa,
Kada ka yanke ko baiti guda, ka bar wa tulu wurin shigowa.

Ka ɗauki muryar ka turo mini ta wayar jikata,
Sai dai ka sassauta ganga, kunnen hagu ya soma mutuwa.