Wai haidurojin mai tsabta daga iskar gas?

Sagir: Assalamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake. Wata uku ina haɗa aikina a kan fasa iskar methan (babban sinadarin iskar gas) da zafi don samun haidurojin, na tashi gabatarwa, wani malami ya katse ni ban kai rabi ba, wai dabarar kamfanonin gas ce don su ci gaba da sayar da hajarsu. Ko lissafina bai duba ba. Ga abin a taƙaice: methan kabon ɗaya ce da haidurojin huɗu. In aka gasa ta da zafin da ya haura digiri 1000 a inda babu oksijin, sai ta rabe, haidurojin ya tashi, kabon ya zauna kamar baƙin gari. Kilo 4 na methan na ba da kilo 1 na haidurojin da kilo 3 na kabon. Hanyar da aka saba, ta haɗa gas da tururi, tana sakin kabon dayoksaid kilo 9 zuwa 10 a kan kowane kilo na haidurojin. A nan kuwa kabon ɗin a buhu za ka zuba shi. Don Allah in wannan ba haidurojin mai tsabta ba ne, mene ne?

Rabi: Wa alaikumus salam. "Mai tsabta" ka ce? Sagir, tsabta ba daga bakin murhu take farawa ba, daga rijiyar da aka haƙo gas ɗin take farawa. Methan na yoyo a rijiya da bututu, kuma a cikin shekara 20 zafin da take riƙewa a sama ya ninka na kabon dayoksaid kusan sau 80. Ka cire kalmar nan tukuna.

Injiniya Bala: Rabi, ke da tsabta. Farantan sola da kike yabo daga sama suka faɗo? Ba haƙar ma'adinai aka yi ba? In haka ne babu abu mai tsabta a duniya.

Rabi: Baba Injiniya, ban ce babu laifi a sola ba. Amma haidurojin da ake samu daga ruwa da hasken rana daban, na gas daban. Ko Turawan da suka raba wa haidurojin launuka ba su kira wannan kore ba kamar na ruwa da hasken rana, wani launi suka ba shi tsakanin shuɗi da kore. Su ma sun san da sauransa.

Nura: Launi kuma ya zama hujja? To wa ya rarraba launukan, wace hukuma ce?

Maryam: Ni abin da ya tsaya min shi ne gawayin. Duniya na amfani da haidurojin sama da tan miliyan 90 a shekara, yawanci a matatun mai da masana'antun takin zamani. Ku ninka sau uku ku ga tulin gawayi. Kasuwar baƙin garin da ake sa wa taya da tawada ba ta kai tan miliyan 20 ba. Sauran ina za a kai shi?

Injiniya Bala: Ba gawayi ba ne, 'yata. Gawayi daga itace yake. Wannan kabon ne.

Maryam: Baba, in an cinna masa wuta ba zai ci ba? In ya ci ba hayaƙin da ake gudu zai koma ba? To ni gawayi zan kira shi.

Nura: Kin ji an gyara miki ki karɓa mana. Shekarun da Injiniya ya yi a harkar gas sun fi shekarunki.

Maryam: Nura, da kai nake magana? Kullum sai ka shigo da zancen shekaru. Ranar da ake maganar batir ma haka ka yi min.

Nura: Ranar ma ke ce ba ki da gaskiya.

Sagir: Jama'a, tambayata fa a kan lissafi ce. Amfani da lantarki wajen fasa ruwa don samun haidurojin na cin makamashi kusan ninki bakwai na fasa methan, a lissafin takarda. Kuma ba mafarki ba ne. Kamfanin Monolith na yi a jihar Nebraska ta Amurka, yana samar da baƙin gari na taya. Hazer a Perth ta Ostireliya na amfani da tamar ƙarfe don rage zafin da ake buƙata. BASF ma na da injin gwaji a Ludwigshafen ta Jamus.

Rabi: Ka ce lissafin takarda da bakinka. Kuma wutar da za ta kai murhun digiri 1000 daga ina? In kwal aka ƙona aka samo ta, ina tsabtar? An gudu ba a tsira ba ke nan.

Injiniya Bala: In daga sola aka samo ta fa? Sai ki yarda?

Rabi: Sai in ce da sauƙi. Ba zan ce tsabta ba sai an toshe yoyon.

Nura: Da ma na san ba za ki yarda ba, kayan sola kike sayarwa.

Rabi: Shi kuma wanda kake karewa me ya ci da shi duk rayuwarsa? Ka iya bakinka, Nura.

Malam Tukur: To ya isa haka. Bari in taƙaita don waɗanda suka shigo a makare. An tabbatar cewa fasa methan ɗin shi kansa ba ya fitar da kabon dayoksaid, kuma kamfanoni a ƙasashe uku sun riga sun fara aiki da hanyar ko gwada ta, kamar yadda Sagir ya kawo. Injiniya, wanda ya fi mu sanin harkar, ya fayyace cewa kabon ne, ba gawayi ba. Masu adawa dai sun tsaya a kan kalma ɗaya, ba su karya lissafin ba. Sagir, malamin nan bai kyauta maka ba, ka koma ka nemi ya saurare ka har ƙarshe.

Maryam: Malam, tambayata ta inda za a kai tulin kabon ɗin fa? Ba ka sa ta ba.

Rabi: Yoyon ma bai sa ba.