Sandar sunuka: a yi oda ta waya ko a shiga Sabon Gari?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum 'yan gida. Ni fa yau sai na faɗi abin da ke raina ko da za a cire ni daga gurup ɗin nan. Duk wanda har yanzu yake hawa a daidaita sahu ya kutsa Sabon Gari cikin ranar nan dan ya siyo sandar sunuka ko ƙwallaye, wallahi kuɗin hayar shagon wani yake biya ba kuɗin kaya ba. Yawancin kayan nan daga Chana suke zuwa, shi kansa mai shagon ta waya yake odarsu, to ni me zai hana in yi da kaina ina kwance a ɗaki? Sati uku da suka wuce na yi odar sanda mai rabuwa biyu har da jakarta da alli da tif, wato 'yar fatar da ake mannawa a bakin sanda, guda goma, kuma duka kuɗin bai kai abin da aka ce min sanda ita kaɗai a kasuwa ba.

Na Gwammaja: Ta iso?

Ɗan Fagge: Tif da allin sun iso, sandar tana hanya.

Na Gwammaja: To ai ba ka siyi sanda ba tukuna mutumina, hoto ka siya 😂

Baba Mai Tebur: Wa alaikumus salam. Ɗan Fagge yarona, ba zan ce ƙarya kake ba a maganar kuɗi, amma abin da ka yi sunansa cinikin biri a sama. Na fi shekara ashirin ina ajiye tebur, sandar da ta bi ta hannuna ban san adadinta ba, kuma har yau ban taɓa ganin sanda biyu da suka zo daidai da juna ba ko da kwali ɗaya suka fito. Icce ne fa, ba roba ba. Wata za ka ɗauka ka ji nauyin ya tattaru a gindi, wata a tsakiya, wata kana bugu za ka ji tana rawa a hannunka kamar kara. Ni in na shiga shago sai na sa yaron ya fito min da goma, in ɗaga kowacce in kanne ido ɗaya in leƙa ta daga gindi zuwa kai kamar mai saita bindiga ina juya ta a hankali, a cikin goman nan da ƙyar in samu biyu da zan yarda da su. Sauran takwas ɗin ina suke zuwa? Gurin wanda bai duba ba. Kai kuma da ka yi oda ba ka duba ko ɗaya ba, wanda ya naɗe maka ita a can ita ce ta fi kusa da hannunsa.

Ɗan Fagge: Baba Allah ya ƙara girma, amma ai akwai hotuna da bidiyo, kuma mutane sun rubuta ra'ayinsu a ƙasa, taurari biyar ne da ita.

Baba Mai Tebur: Taurarin na sandar da aka kai musu ne, ba taka ba.

Kafinta: Baba ya gama magana. Amma bari in gyara abu ɗaya da yara suke yi, wai a mirgina sanda a kan tebur a ga ko ta miƙe. Wannan gwajin yana yaudara, dan sandar sunuka ta gaske akwai gurin da aka shafe a gindinta, dole ta ɗan yi tsalle in tana mirgina, kuma rabin teburan garin nan su kansu ba a miƙe suke ba, ni nake haɗa su na sani, katako ne a ƙasa ba dutse ba. Leƙawar da Baba ya faɗa ita ce gaskiya.

Injiniya: Ni ina bayan Ɗan Fagge amma ba duka ba. Ku raba kayan gida biyu. Akwai abin da lamba ce kawai, in ka san lambar ka gama. Ƙwallon sunuka na asali milimita 52.5 ne, na ful irin na Amurka wanda yawancinmu muke bugawa muna ce masa sunuka 57.2 ne, na Ingila kuma ƙanana 50.8. Wannan ba sai ka taɓa ba. Ni sau biyu ina zagaye kasuwa ina neman saitin 52.5 mai ja 15 da kala 6 da fari, duk shagon da na shiga sai a miƙo min mai lamba 1 zuwa 15 a ce ai duk sunuka ne Alhaji. Da na gaji na yi oda, kwana goma sha wani abu sai ga shi. To a nan wa ya taimake ni, mai shago ko waya?

Na Gwammaja: Kai ma Injiniya da neman wahala, wa yake buga mai ja goma sha biyar a Kano, tebur ɗinmu ƙafa bakwai ne ko takwas, ina za ka jera su

Injiniya: Nawa ƙafa goma ne. Na gasa kuma ƙafa 12 ne da 6, shi ne wanda kuke gani a gidan wasan Crucible da ke Sheffield ta Ingila, tun 1977 a can ake gasar duniya.

Yaron Shago: Assalamu alaikum, ni dai tun ɗazu ina karantawa na yi shiru saboda za a ce ina kare sana'ar kawuna ne, amma maganar kuɗin haya ta yi min zafi. Yaya Ɗan Fagge, kawu in ya yi odar sanda hamsin shi yake biyan kago, shi yake fama da kwastan, shi yake biyan motar da za ta ɗauko daga Legas, a cikin hamsin ɗin nan wasu za su zo a lanƙwashe wasu a tsage kuma asararsa ce shi kaɗai ba wanda zai mayar wa. Ribar da kake gani ita ce take rufe wannan. Kai in taka ta zo a karye wa za ka kama? Za ka ɗau hoto ka tura, a ce ka dawo da ita, kuɗin mayarwar ya fi kuɗin sandar, shi ke nan ka haƙura ka rataye ta a ɗaki. Mu kuwa ko bayan sati ka dawo ka ce ƙarfen bakin ya kwance za a ɗaura maka kyauta, har shayi ka sha.

Ɗan Fagge: Ƙanena shayin ma ai a cikin kuɗina yake.

Yaron Shago: 😂 to Allah ya kawo ta lafiya

Injiniya: Amma Yaron Shago ka faɗi ɗaya ka bar ɗaya. Ni an taɓa sayar min da ƙwallaye a wani shago a cikin kwali an rubuta Aramith ɓaro-ɓaro, aka ce ɗan Beljiyam ne orijina, na biya kuɗin orijina. Wata biyu farin ya fara ɓantarewa yana barin tabo a ƙyalle. Na kai gurin wani abokina mai sai da gwal muka ɗora su a sikelinsa ɗaya bayan ɗaya, wallahi nauyin kowanne daban. Alhali a dokar sunuka bambancin mafi nauyi da mafi sauƙi a saiti ɗaya bai kamata ya wuce giram 3 ba. Na koma, mai shagon ya rantse shi ma haka aka kawo masa, kuma na yarda da shi, dan shi kansa bai san bambancin ba. To ina amfanin gani da idon? Na gani, na taɓa, an kuma cuce ni ina kallo.

Baba Mai Tebur: Wannan gaskiya ne Injiniya, kuma shi ne ciwon. Shago ba shi ne magana ba, wanda ke cikin shagon shi ne magana. Da yawansu yau ga sandar sunuka, ga rigar ƙwallo, ga takalmin gudu, ga kofin gasa, shi bai taɓa riƙe sanda ya buga ba. Irin wannan da shi da waya duk ɗaya ne a gurina, har gara wayar ma ba za ta rantse maka ba.

Ɗan Malesiya: Ku ba ni dama in kawo misali daga wani wasan. Lokacin da nake karatu a Kuala Lumpur na kamu da bolin, wannan da ake mirgina ƙatuwar ƙwallo a kayar da kwalabe goma. Ƙwallon nan mafi nauyinta fam 16 ne, kilo bakwai da ɗan wani abu, kuma abin da mutane ba su sani ba shi ne sabuwa in ka siya ba ta da rami ko ɗaya, sumul take zuwa. Sai ka kai ta gurin mai shagon da ke cikin gidan wasan ya auna tafin hannunka, tazarar babban yatsa da na tsakiya, kaurin kowanne, har yadda yatsanka yake lanƙwasa, sannan ya huda da inji. Ni da wayona na ga araha a intanet na yi oda, ta zo lafiya ƙalau ba abin da ya same ta, na kai a huda min sai mai shagon ya caje ni kuɗin huda cikakke, alhali da a gurinsa na siya da ragi zai min. Da na haɗa lissafi da kuɗin turowa, abin da na tsira da shi bai kai kuɗin abincin rana biyu ba. Kuma ya kalli ƙwallon ya ce wannan ta masu murɗa hannu ce, kai miƙe kake jifa, me ya kai ka? Tambayar da waya ba ta yi min ba ke nan.

Na Gwammaja: Kai dai ka ce kana so mu san ka je Malesiya

Ɗan Malesiya: Ai sunana ma ya faɗa maka 😂

Ɗan Fagge: To ai ka gani, bolin dole sai an huda. Sanda kuma ba a huda ta. Misalinka bai hau ba.

Ɗan Malesiya: Ba a huda ta amma ana sa mata tif. Wa zai sa maka?

Ɗan Fagge: Super Glue da reza, meye a ciki

Kafinta: Innalillahi. Haka wani ya kawo min tasa ya fere ƙarfen bakin da reza har ya ci iccen. Sa tif aiki ne Yaya, sai an kankare tsohon manne tas, a goge bayan sabon da samfefa, a manna a danne ya kwana ko ya ɗau lokaci, sannan a fere gefen a zagaye kan. In kan ya yi faɗi kamar faranti alli ba zai zauna ba, kana bugu tana zamewa kana zagin tebur.

Admin: Jama'a a ci gaba amma ban da ambaton sunan shagon kowa, kun san abin da ya faru wancan karon.

Injiniya: Ni abin da yake ba ni dariya ma duk wannan faɗan a kan sanda, Stephen Hendry kofin duniya bakwai ya ci daga 1990 zuwa 1999 da sanda mai araha da aka siya masa tun yana yaro. Ken Doherty da ya doke shi a wasan ƙarshe na 1997 tasa ma fam biyu ya siye ta a kulob ɗin da yake wasa a Dublin. Hannu ne ba icce ba.

Baba Mai Tebur: Madalla da ka kawo wannan da kanka. Shi Doherty a ina ya samo ta? A kulob, ya ɗauka ya buga ya ji ta zauna masa sannan ya biya. Bai ga hotonta ba. Shi kuma Hendry ka ƙarasa labarin mana, a 2003 sandar nan ta karye a cikin kayan jirgi yana dawowa daga Asiya, kuma bai ƙara cin kofin duniya ba. Sandar zakaran duniya ke nan a jirgi, balle ta Ɗan Fagge da za a jefa a bayan tirela a ɗora mata buhun shinkafa.

Injiniya: Baba ai tun 1999 rabonsa da kofin, kafin ta karye da shekara huɗu, kar mu ɗora wa jirgi komai.

Baba Mai Tebur: Na karɓi gyara. Amma ta karye dai ko?

Injiniya: Ta karye.

Kafinta: Kuma ko ta iso lafiya akwai hunturu yana jiranta. Iccen da aka sarrafa a gari mai danshi ya zo Kano a watan Disamba iskar nan ta busar da shi, sati biyu sai ka ga ya yi baka. Wadda ta kwana biyu a shago a nan ta riga ta sha iskar garin, in za ta lanƙwashe ta lanƙwashe tun a can ka gani ka ƙi ta. Kuma dan Allah ku daina jingina sanda a bango ko barinta a but ɗin mota cikin rana, rabin waɗanda ake kawo min gyara ba laifin Chana ba ne ba laifin kasuwa ba, laifin mai ita ne.

Ɗan Fagge: Duk na ji, amma har yanzu ba wanda ya musa cewa na fi ku samun araha. In ta zo a miƙe na ci riba, in ta zo a karkace na yi asarar kuɗi kaɗan, ko sau biyu na yi oda ban kai kuɗin kasuwa ba. Lissafi ne kawai.

Yaron Shago: Sau biyu sati shida ke nan kana aron sandar mutane Yaya

Na Gwammaja: Tawa yake ara, kuma ya cinye min alli

Baba Mai Tebur: Ranar da ta iso ka kawo ta gurina bayan isha'i mu leƙa ta gaban kowa. In ta miƙe ni zan biya maka gem biyar, in kuma ta yi baka kai za ka siyo wa majalisa tsire.

Ɗan Fagge: Na yarda Baba, a rubuta. Amma kafin nan, Kafinta, tif ɗin nan da suka iso na gwada ɗaya a tsohuwar sandata ya fi bakin faɗi sosai kamar an kifa mata hula, a jikin ledar an rubuta 13mm. Haka suke zuwa dama?

Kafinta: Na sandar ful ta Amurka ka siyo. Bakin taka bai wuce 9.5 ko 10 ba.

Ɗan Fagge: To guda goma ne fa. Za a iya ferewa?

Yaron Shago: Muna da na 10 a shago, ka biyo gobe, muna buɗewa ƙarfe tara.