Jama'a a agaza: me za mu kira "revolver" mai cin albarushi da Hausa?

Maman Ilham: Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina cikin matsi, gobe ƙarfe goma na safe zan shiga situdiyo in ɗora murya a kan wani rahoto na minti bakwai, kan Amurkawan nan masu tara ƙananan bindigogi irin na zamanin yaƙin basasarsu, 1861 zuwa 1865, ranar hutu su fita fili suna harbin allo. Bindigar "revolver" ce amma ba irin ta yanzu da ake zura wa harsashi ba. Tana da wani ƙarfe mai ramuka shida a tsakiya da ke juyawa, kowane rami sai ka zuba masa albarushi, ka ɗora dunƙulen dalma, ka danna shi da wani hannu da ke ƙarƙashin bututun, sannan ta baya ka kifa wata 'yar hular jan ƙarfe. Dattijon da ke cikin bidiyon sai da na ƙosa da kallonsa yana ɗuri, da ya harba kuwa hayaƙi ya rufe shi ruf har gemunsa ba a gani. Ina neman sunan bindigar, da na "black powder", da na ƙarfen nan mai juyawa. Edita ya ce kar in sake in kawo masa Turanci.

Baban Sadiq: Wa alaikumus salam. Ki ce ƙaramar bindigar toka, shi ke nan.

Ɗan Fagge: Harba-ka-ruga ta Bature ke nan hhhh. Sai dai ita sai ka harba shida kafin ka ruga

Tsohon Saja: Hajiya kalmar tana nan tun kafin a haife ki, libarba. Haka muka taras manyanmu na faɗa a bariki, kuma na gan ta a ƙamus da idona. Toka kuma ba za ta yi ba, mai sauraro zai hango doguwar bindigar maharba ce mai ɗuri ta baki, wannan kuwa ta gaban ramukan ake ɗura ta ba ta bakin bututu ba.

Maman Ilham: Libarba! Wallahi Baba ban taɓa jin ta ba. Matsalar ke nan, in ni ban sani ba yaran da ke saurare fa?

Malam Nahawu: Libarba ba Hausa ba ce, Turanci ne aka sa wa babbar riga. Kullum haka muke, Bature ya yi tari mu rubuta. Harshenmu yana da ma'auni, wanda ya cika mantuwa mantau ne, wanda ya cika makara makarau. Abin da ɗabi'arsa juyawa ce kuwa JUYAU. Ki ce juyau, gajere, daɗin faɗa, kuma ma'anar kalmar Turancin ke nan daidai, mai juyawa. Jam'i juyau-juyau ko a bar shi haka.

Ɗan Fagge: Allah ya gafarta Malam, in na ji juyau a rediyo ɗan siyasa zan zata, wanda ya kwana a jam'iyya ɗaya ya tashi a wata

Malam Nahawu: Dariyar nan ita ta hana mu ci gaba.

Bintu Damagaram: Mu nan Nijar pistole kawai za ka ji a bakin mutane, ba ruwansu da mai juyi ce ko marar juyi. Amma Yaya ni abin da na gani, maganar "black powder" ba ta buƙatar wahala. Albarushi kawai. Kar ki ce baƙin albarushi. Su Turawa da can "gunpowder" kawai suke ce masa, sai da wani Bafaranshe Paul Vieille ya haɗa sabo marar hayaƙi a 1884, daga baya suka koma kiran tsohon da baƙi don su bambanta. Mu kuwa albarushin da Bahaushe ya sani shi ne tsohon nan mai gawayi da farar wuta, mai turnuƙe wuri da wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, wanda ake ɗura wa bindigogi ranar hawan sallah. Sabon ne baƙo a wurinmu, shi ya kamata a yi wa ƙari, a ce albarushi marar hayaƙi.

Maman Ilham: Kai Bintu Allah ya biya ki, na riga na rubuta baƙin albarushi sau tara a takardar, yanzu zan goge. Ɗaya ta sauka.

Abu Hamza Kassala: Mu a Sudan musaddas muke cewa, daga Larabci, asalinsa mai shida. Me zai hana a ce mai-shida?

Tsohon Saja: Ba dukansu ne shida ba ɗana. Ta farko da Samuel Colt ya yi wa rajista a 1836, wadda ake kira Paterson, rami biyar gare ta. Akwai kuma LeMat da sojojin kudu suka riƙe a yaƙin basasan, ita tara ce har da ƙarin wani bututu a tsakiya. In ka ce mai-shida ranar da aka kawo rahoton mai tara sai ka ce mai-shida mai tara?

Malam Nahawu: Kun gani? Juyau ba ta da wannan matsalar. Biyar ko tara duk juyawa suke. Kuma bana son a gudu daga Turanci a faɗa Larabci, duk aro ne.

Bintu Damagaram: To Malam in aro haramun ne sai mu mayar da bindiga ma, daga bunduƙiyya take. Albarushi daga barud. Harsashi daga rasas, wato dalma. Duk jimlar da ka rubuta da su Larabci ka ara ba ka sani ba, ko ka sani ka yi shiru.

Malam Nahawu: Waɗannan sun shekara ɗaruruwa a bakinmu sun zama 'yan gida. Kuma ke da kike cewa pistole ba ke za ki koya min tsarkin harshe ba.

Bintu Damagaram: Au, yanzu kuma Hausar Nijar ce ba ta kai ba? Zo Damagaram ka ji Hausar da ba a gauraya ta da "so" da "but" ba. Ku da ba ku iya gama magana ɗaya sai kun ce "actually"

Ɗan Fagge: An zo wurin. Kowane zare sai an yi Kano da Damagaram

Baban Sadiq: Ni tambayata daban ce, su waɗannan mutanen ina suke samun bindigar shekara 160 da har yanzu take tashi?

Tsohon Saja: Yawanci ba na asali suke harbawa ba. Ta asali tsada gare ta, ajiye ta ake a akwatin gilashi, kamar Colt Walker ta 1847 da guda 1,100 kacal aka ƙera, nauyinta ya kai kilo biyu. Wadda suke fita da ita fili kwaikwayo ce sabuwa fil daga Italiya, kamfanonin Uberti da Pietta, sun fi yin samfurin Colt Navy ta 1851 da Army ta 1860 da kuma Remington da ake kira 1858. A dokar tarayyar Amurka irin waɗannan ba a lissafa su cikin bindigogin zamani, shi ya sa sayensu ke da sauƙi a jihohi da yawa. Hajiya ki duba bidiyon da kyau za ki ga yana shafa maiƙo a bakin ramukan bayan ɗuri, tsoron kar wuta ta tsallaka rami biyu ko uku su tashi lokaci ɗaya. In ya koma gida kuma dole ya wanke ta da ruwan zafi da sabulu a ranar, don dattin albarushi yana jan laima, ya kwana biyu tsatsa ta cinye ta.

Maman Ilham: Eh wallahi akwai wurin maiƙon, na zaci gyara yake. Na gode Baba. Wata matsalar kuma, na rubuta "'yan bindigar Amurka" edita ya ja jan layi, ya ce mutanen Zamfara za su ɗauka ɓarayin daji ake nufi.

Ɗan Fagge: Yana da gaskiya. Da can in an ce 'yan bindiga na Sarki ake nufi masu buga ta a hawan Daushe yara na toshe kunne, yanzu kalmar ta lalace. Ki ce masu sha'awar tsofaffin bindigogi

Malam Nahawu: Masu juyau. Kalma biyu an gama.

Maman Ilham: Malam ka yi haƙuri dare ya yi. Ga abin da zan karanta: a farko "ƙaramar bindiga mai juyi, wadda ake kira libarba, irin ta da mai ɗurin albarushi", daga nan in ci gaba da libarba kawai. Hular jan ƙarfen na bar ta hula. Ƙarfen mai ramuka ne har yanzu ban samu ba, ganga ko tulu?

Baban Sadiq: Ganga.

Tsohon Saja: Kar ki ce ganga, masu fassara da yawa da ita suke kiran bututun saboda Turancinsa "barrel" ne, wato ganga, za a rikice. Ki ce gidan harsashi.

Bintu Damagaram: Babu harsashi a cikinta ai Baba, albarushi ne da dalma

Tsohon Saja: To gidan ɗuri.

Maman Ilham: Na sa gidan ɗuri da fensir, in edita ya ƙi in ce ƙarfen da ke juyawa. Sai da safenku.

Malam Nahawu: Kin dai sa "mai juyi" a ciki, rabin juyau ke nan. Zan saurara gobe in ji yadda za ki furta libarbar.