Tsohon littafin soyayya: a ƙarasa ko a ajiye?

Wata mai karatu ta ɗauko tsohon littafin soyayya na shekarun 1990, irin na kasuwar Kano, mai labarin amaryar da ta ɓace daren kai ta ɗaki. Sirrin ya riƙe ta, amma kishin jarumin da tsawarsa sun ƙona mata rai.

Da ta tambayi sauran masu karatu ko ta ƙarasa ko ta ajiye, yawancinsu sun ce ta daure zuwa littafi na biyu, domin marubutan lokacin kan raba labari kashi-kashi, sai a tsakiya ƙulli ke fara warwarewa. Wasu suka ce ta tsallake dogayen wasiƙun soyayyar. Shawarar da na fi yarda da ita: ta nemo na ƙarshen tukuna, don samunsa yanzu aiki ne. Jarumin kuwa, babu wanda ya kare shi.