Shawarwari Kan Tattara Tarihin Tashar Rahama

Mun tattauna da wasu dattawa da malaman tarihi kan tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Rahama, da ke tsakanin Zariya da Jos, ga kuma abin da na tsinta.

Da farko a san tushen. Ƙaramin layin dogon da tashar take kai ya taso daga Zariya, ya iso Rahama a 1912, ya kai Jos da Bukuru a 1914, duk domin jigilar kuza. Da babban layi ya biyo ta Kafanchan zuwa Jos a 1927 sai kasuwarsa ta fara ja baya, har aka rufe shi a 1957.

Shawarar da ta fi kama ni ita ce a fara da tsofaffi, kuma a hanzarta. Wanda ya hau jirgin nan da wayonsa yau ya haura saba'in. A je da girmamawa, ta hannun mai gari, a naɗi muryarsu a waya. Kada a manta da mata, su suka san tallar tasha.

Takardu kuwa, a nemi na Lardin Zazzau a ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, a leƙa Arewa House, cibiyar binciken tarihi da ke can Kaduna ita ma. Wani malami ya ja kunne cewa duk shekarar da aka ji a baki, a gwada ta da takarda kafin a rubuta.