Laftof ɗina na rikicewa in na rufe murfi

Ɗan Nima: Salamu alaikum jama'a. In na rufe murfin laftof na tafi salla, kafin in dawo wayfay ya ɓace, tachfad (wurin da ake shafawa da yatsa a motsa kibiya) ma ko motsi. Sai na kashe na sake kunnawa take dawowa daidai. Windows 10 ce. Wa ya san mai gyara na amana a Circle, nan Ankara?

Mai Kafe: Wa alaikumus salam. Kar ka kai ta tukuna. Barci take yi in ka rufe, sai direban wayfay, wato manhajar da ke sarrafa shi, ya ƙi farkawa. Shiga Device Manager, ka nemo shi a Network adapters. A shafin Power Management akwai alamar da ta ba kwamfuta izinin kashe shi don tattalin wuta, cire ta.

Ƙanin Ango: Ko ka sa saitin rufe murfi a kan Do nothing, wato kar ta yi barci ko an rufe, shi ke nan.

Kawu na Mamobi: A'a yarona, wannan shawarar ita ta kashe min tawa. Haka wani ya saita min. Na manta tana kunne, na rufe na cusa a jaka, na hau tirotiro zuwa Madina cikin zafin rana ga cunkoso. Da na sauka, jakar kamar an ɗauko burodi daga tanda, fanka na ta ihu a ciki. Tun daga ranar tachfad ya yi tauri, sai na danna da ƙarfi. Na kai wa wani yaro, ko buɗe gindinta bai yi ba ya ce Windows ce, ya goge komai har da hotunan sunan jikata. Ashe batir ne ya kumbura yana tura tachfad daga ƙasa. Ɗora taka a kan tebur ka duba, in tana rawa ko tachfad ya taso, cire caja yanzu, batir mai kumburi yana iya kama wuta. In dole sai ka canza saitin, zaɓi Hibernate, wanda ke adana aikinka ya kashe ta.

Maman Biyu: Subhanallahi, sannu Kawu. Hotunan ba su dawo ba?

Kawu na Mamobi: Ko ɗaya, 'yata.

Ɗan Aboabo: Ku kawo mana Adum, nan Kumasi, mu gyara muku. Masu gyaran Ankara gogewa kawai suka iya.

Ƙanin Ango: Ku fara gyara ƙungiyar ƙwallonku Kotoko tukuna.

Ɗan Aboabo: Ɗan Hearts ne ke magana? Allah ya shirya.

Mai Kafe: Ku bari mana. Ɗan Nima, ka kashe Fast Startup, saitin da ke sa ta tashi da sauri, shi ma a Power Options. Muddin yana kunne, Shut down ba ya sauke direbobi gaba ɗaya, Restart ne ke yi. Kuma tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na yau da kullum, ka fara tunanin Windows 11 in injin zai ɗauka.

Maman Biyu: Ni tawa allon ke mutuwa in na ɗora waya kusa da kibod.

Mai Kafe: Maganaɗisun jikin rigar wayar ne, Hajiya. Da maganaɗisu laftof ke gane an rufe murfi, sai ta ɗauka kin rufe.

Ɗan Nima: Na cire alamar, na rufe na buɗe sau uku, wayfay yana nan. Tachfad dai har yanzu. Kawu, na ɗora ta a tebur, ba ta rawa.

Ƙanin Ango: Ina da linzami na USB da ba na amfani da shi, ka biyo bayan magariba.