Wane Tallafi Ne Ya Riƙe Famfon Garinku? Gogewar Masu Kula da Ruwan Ƙananan Garuruwa

Sakataren kwamitin ruwa, jihar Katsina

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa masu riƙe da amanar ruwan sha, ina neman ku ba mu labarin abin da kuka gani da idonku. Tun watan Nuwamban 2018 gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsafta, kuma a 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin shirin SURWASH na samar da ruwan sha da tsafta a birane da karkara, wanda jiharmu take cikin jihohi bakwai da aka fara da su, tare da Kaduna da Gombe da Filato. To amma a garuruwa da dama tanki yana tsaye a sama babu ɗigon ruwa a cikinsa. Cikin taimakon da aka taɓa kawo muku, na gyara ne ko na kuɗi ko na tsarin gudanarwa, wanne ne ya sa ruwa ya ci gaba da zuwa bayan masu kawo shi sun tafi?

Makanikin famfo, jihar Jigawa

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. A aikina, yawancin sumon da nake cirowa daga rijiyar burtsatse, wato injin da ake zurawa ciki yana turo ruwa sama, ba tsufa ne ya kashe su ba. An haƙa rijiya ba a yi gwajin yawan ruwan da take iya bayarwa ba, sannan aka zura mata sumo mai ƙarfin da ya fi nata, sai ya riƙa zuƙe ruwan har ya koma jan iska da yashi, kuma injin da ruwa ne yake sanyaya shi ba ya daɗewa idan yana juyawa a bushe. Kwamiti ya yi karo-karo ya sayi wani irinsa, shi ma ya bi sahun na farko.

Abin da ya canza mini aiki shi ne wani injiniya da wata ƙungiya ta ɗauka yana zagaya garuruwanmu lokaci-lokaci. Bai kawo mana ko ƙusa ba. Ya koya mana auna zurfin ruwa kafin a kunna inji da bayan ya yi aiki, ya sa muka ɗaura na'urar da take kashe sumo idan ruwa ya ja ƙasa, ya kuma nace a riƙa wanke farantan sola a lokacin hunturu, domin ƙurar da take kwanciya a kansu tana rage wutar da suke bayarwa. Ya buɗe mana littafi guda inda ake rubuta zurfin rijiya da girman sumo da ranar da aka yi kowane gyara. Yanzu idan aka kira ni, littafin nake fara karantawa kafin in kwance komai. Matasan da suke son wannan sana'a kuma ina ba su shawarar su nemi horo a Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna.

Ma'ajiyar ƙungiyar masu amfani da ruwa, jihar Kaduna

Malam makaniki ya faɗi gaskiya, sai dai ni a wurina matsalar tana farawa ne daga aljihu. Lokacin da aka miƙa mana aikin ruwan garinmu, an yi biki, an ba mu makullai, amma babu wanda ya zauna da mu ya nuna mana nawa ruwan yake ci kafin ya iso bakin famfo. Muna karɓar kuɗi a kan kowace jarka, muna sayen man dizal, muna biyan mai gadi, abin da ya rage kuma yana zaune a hannun mutum ɗaya, wanda idan aka yi rasuwa ko gyaran masallaci ya taso ba zai iya cewa a'a ba. Ranar da inji ya tsaya, asusu babu komai.

Wata jami'a mai ilimin lissafin kuɗi ce ta zo ta zauna da mu, kuma ban taɓa ganin taimakon da ya kai wannan amfani ba. Abu na farko da ta nema shi ne mita a bakin tanki da kuma a kowane wurin sayar da ruwa. Lissafin mai sauƙi ne: mita ta nuna lita 1,000, wato jarka 40 mai cin lita 25, saboda haka idan kuɗin jarka 30 kawai ya shigo, to ruwan jarka 10 ya zube ta ɓarakar bututu ko ya bi wata hanya. Kafin nan zargi kawai muke yi wa juna, kuma zargi ba tare da hujja ba yana raba zumunci a ƙaramin gari. Sannan ta raba mana kuɗin gida biyu, na hidimar yau da kullum da na sabunta kayan aiki, aka kai na biyun banki da sharaɗin sai mutum uku sun sa hannu kafin a cire ko sisi.

Mafi wuya shi ne ƙarin farashi bayan dizal ya yi tashin gwauron zabi a 2022. Mun kai littafin gaban mai gari da liman da shugabannin mata, muka karanta shiga da fita a bainar jama'a, muka kuma kwatanta da abin da 'yan garuwa suke karɓa idan famfo ya tsaya. Matan ne suka fara amincewa, domin su ne suka san wahalar rashin ruwa a gida.

Mai kula da ruwan wani gari, jihar Maraɗi

Hajiya ma'ajiya, sannu da ƙoƙari. Abin da kika samu ta hanyar sa'a, a Nijar an yi ƙoƙarin mayar da shi doka. Manyan birane suna da nasu tsarin tun 2001, inda kamfanin gwamnati SPEN yake riƙe da kadarori, kamfanin 'yan kasuwa SEEN kuma yake sayar da ruwa, har zuwa farkon 2024 da kamfanin gwamnati NDE ya karɓi aikin. A karkara kuwa, bisa dokar ruwa ta 2010, ma'aikatar magajin gari ce mai alhakin ruwa, tana danƙa gudanarwa ga ɗan kasuwa ta hanyar kwangila, kuma akwai ofishin bincike da shawara da ake kira SAC/SPE, wanda yake duba injuna da littattafan kuɗi ya kai rahoto. Ladansa yana fitowa ne daga kuɗin ruwan da aka sayar, saboda haka ba ya ƙarewa da ƙarewar wani shiri na masu ba da agaji. Ba zan ce babu tangarɗa ba, domin na ga inda rahoto ya fito ƙarara cewa ba a zuba kuɗin sabunta kaya ba, amma ba a ɗauki mataki ba saboda ɗan kwangilar yana da uwa a gindin murhu. Duk da haka, sanin cewa wani zai zo ya karanta mita yana gyara halin mutane da yawa.

Tsohon ma'aikacin hukumar ruwa ta wata jiha

Ina jinjina muku, amma kada mu ɗora wa kwamitocin sa-kai nauyin da ya fi ƙarfinsu. A hukumar da na yi wa aiki an ba mu horo iri-iri, an kawo kwamfutoci domin fitar da takardun biyan kuɗi, sai dai manyan masu cin bashinmu ma'aikatun gwamnati ne, kuma ba mu da ikon yanke musu ruwa ko gyara farashi ko ɗaukar ma'aikacin da muke buƙata. Shi ya sa nake ganin hikima a tsarin SURWASH na sakin mafi yawan kuɗi bayan an tantance sakamako. Hukumar da ba ta da 'yancin taɓa kuɗin shigarta, ko wane horo aka ba ta, za ta ci gaba da jiran ofishin gwamna kafin ta sayi sinadarin tace ruwa.

Jami'in duba-gari, Kano

Ku gafarce ni, akwai ɓangaren da ba a taɓo ba, wato ƙazamin ruwa. Yawancin unguwanninmu masai ne da sokawe, bututun ruwan sha kuma sau da yawa ta cikin kwata yake ratsawa. Idan aka ɗauke ruwa, matsin da ke cikin bututu yana faɗuwa, sai ya tsotsi ruwan kwata ta duk inda ya tsage, idan ruwa ya dawo kuma a kai wa mutane shi har gida. A 2021 mutum fiye da 100,000 aka yi zargin sun kamu da amai da gudawa a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma ban manta da gidajen da muka shiga a wannan damina ba. Tallafin da ya fi mini amfani ɗan ƙaramin abin gwajin kulorin ne da aka koya mana aiki da shi. A famfon ƙarshen layi ake gwadawa, kuma ana so a samu aƙalla miligiram 0.2 a kowace lita, a lokacin annoba kuwa 0.5. Masu tankar kwashe masai su ma suna buƙatar wurin zubarwa da hukuma ta keɓe, domin in babu shi, gona ko rafi za su nufa da dare.

Ma'ajiya, jihar Kaduna

Malam na Maraɗi, ina da tambaya. Idan garuruwa maƙwabta suka haɗu suka ɗauki makaniki ɗaya da mai duba lissafi ɗaya, ta yaya za a biya su ba tare da sun zama yaran shugaban kwamiti ba?

Mai kula da ruwa, jihar Maraɗi

Hajiya, a yanke ladansu a kan yawan ruwan da mita ta nuna, a rubuta shi cikin yarjejeniya tun farko, kuma kada kuɗin ya bi ta hannun wanda za su bincika. Rahotonsu kuma a karanta shi a taron gari, a bai wa ƙaramar hukuma kwafi. Idan kuna so, zan rubuto muku sharuɗɗan da ke cikin irin kwangilar da muke aiki da ita, ku duba waɗanda za su dace da dokar jiharku.